Tele Mai Tozo da Shayin Habu

Ku samarin nan da kuka zo wai in koya muku sana'ar gidan wasa, tun shigowarku na lura da yadda kuke kallon tsofaffin telena kuna danne dariya. Na kuma ji abin da dogon cikinku ya faɗa a bakin ƙofa, wai aikin Baba Mutari ai zama ne kawai, ya kunna wa mutane wasa ya miƙe ƙafa a inuwa. Gashina ne ya yi fari, kunnena lafiya lau yake. Kun ce shirinku a kammale yake: ku kama ɗaki a bakin tasha, ku rataye manyan filasma, siraran telen nan na zamani, a bango, ku jona waya, shi ke nan. To, kafin ku rataye komai, bari in gaya muku abin da filasma guda ta yi wa wani bawan Allah a ƙofar shagon nan. Amma sai kun yi haƙuri na faro daga inda na faro, don ban cika yarda da mai gaggawar jin ƙarshen magana ba.

Ni ban yarda da kaya ba, ban yarda da mai kaya ba, kuma rabin sana'ar ke nan. A Damagaram na koyo wannan hali, wurin Maigida Bulus, wani Bahaushe Kirista mai gyaran rediyo da tele, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aikin farko da ya ajiye a gabana wata baƙar tele ce da wani jandarma ya kawo, ya rantse hoto ne kawai ya ɗauke, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Da mutumin ya fita, Maigida ya juyo bayanta ya nuna mini. Ya ce, "Mutari, dubi kan sukurun nan. In ba a taɓa buɗe ta ba, wa ya cinye musu kai?" Muka buɗe, muka tarar an riga an yi mata ɓarna a ciki an liƙe da cingam. Ni kuma ganin an zare wayarta daga bango, sai na kai hannu zan taɓa bayan kwalbar hoton. Ya buge mini hannu, ya ɗauki turnabis, wato abin kwance sukuru, mai mariƙin roba ya haɗa wurin da ƙarfen jikinta. Wuta ta yi tsalle, ɗas. Ya ce, "An kashe ta, amma ba ta huce ba." Har yau ba na sa hannu cikin tele sai na fara sauke mata wannan wutar.

Kayan aikina ga su nan a cikin tsohuwar gwangwanin madara: turnabis manya da ƙanana, ƙarfen narka dalma, tsohon buroshin haƙori, auduga, alkol na goge datti, da ɗan mita mai allura da Maigida ya ba ni ranar da ya sallame ni. Ba su da kyan gani. Amma ba wanda nake ara wa ko ɗaya, don haka kada ma ku tambaya.

Da na dawo Tanut, da akwatin wasa guda na dawo, irin mai kaset ɗin nan da ake cusa masa ta sama. Wasannin lokacin ba su da yawa: ɗan mutum mai gudu yana tsallake ramuka, masu dambe, jirgi mai harbi, da wata bindigar roba da ake auna tsuntsaye da ita a jikin tele. In kaset ya ƙi tashi, kowa sai ya zare ya hura masa iska da baki, har da yawu. Na yi ta faɗa kafin a daina, don yawun ne ke sa haƙoran kaset su yi kore su mutu. Auduga da alkol, shi ne maganin. Waɗannan kaset ɗin har yanzu suna aiki, kuma waɗanda suka yi wasa da su suna yara su ne yau ke zuwa da furfura a gemu, su ce in kunna musu na da. Sai ka ga babban mutum mai iyali yana cizon leɓe a kan ramin da ya kayar da shi tun yana lakwal, wato makarantar boko.

Akwai wata manet da ba na mantawa. Manet ita ce abin da ɗan wasa ke riƙewa a hannu yana dannawa. Wata rana wani ya tashi daga wasa, na bayansa ya zauna ya ce maɓallin gudu ba ya aiki. Na buɗe, na ga robar ciki ta tsage tuntuni, ga datti irin na shekaru. Ni kuwa a makon nan na wanke duk manet ɗina. Ashe wancan ya shigo da mushensa a ƙarƙashin riga, ya musanya da tawa mai rai, ya fita yana yi mini sallama har da addu'a. Daga ranar na ari jan farcen matata, kowace manet na ɗiga mata a ciki, inda sai an kwance za a gani. In mutum ya cika yi mini addu'a wajen fita, sai na duba kayana.

Da akwati mai faifai ya shigo, sai cutar ta koma wurin 'yan kasuwa. Na taɓa sayo wani a Kano, mai shagon ya kunna mini, wasa ya tashi tas, ya kashe da sauri ya naɗe mini. Da na iso gida, in ya ɗan yi zafi sai hoto ya tsaya cak. Idonsa, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai, ya riga ya gaji, sai da sanyi yake gani. Na yi wata da watanni ina kifa shi a kan bayansa kafin ya yarda ya karanta. Tun daga nan in zan sayi akwati, sai in ce a kunna, in tafi in ci abinci in yi salla in dawo. In mai kaya ya fara ƙorafin wutarsa na ƙonewa, na san abin da ke ciki. A nan kuma zafin bazara kaɗai ya isa ya kashe akwati, shi ya sa kuke ganin nawa duk a kan bulo suke, iska na ratsawa ta ƙasa.

Wasan ƙwallo shi ya cika shagon nan, shi kuma ya kawo rigima. Mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban tele guda. In aka zo bugun fenalti, mai tsaron gida sai ya saci kallon babban yatsan mai bugu, ya ga inda ya karkata. Sai aka shiga ɓoye hannu, wani a cikin riga, wani a ƙarƙashin hula, wani ya juya baya gaba ɗaya. Ranar da wani ya kai wa abokinsa gwiwar hannu ya fasa masa leɓe, na ce ya isa. Na zauna na raba wayar hoto gida biyu, na kawo tele biyu irin masu tozo, wato na da masu ƙaton baya, na jera su tozo da tozo a tsakiyar ɗaki. Akwati ɗaya, hoto ɗaya, amma kowa da telensa, kowa da ɓangarensa, ba mai ganin hannun wani. Sauti kuwa daga guda ɗaya kawai yake fita, ta ɓangaren 'yan gida. 'Yan kallo ma suka rabu biyu, kowa bayan gwaninsa. Wannan dabara ta yi mini suna. Daga Gangara, daga Olelewa, ana zuwa ranar kasuwa, ana cewa wurin Mutari ba a cuta.

Gwanin gidan nan a lokacin Habu ne, mai shayin da kuka wuce a gindin dogon yaro kafin ku shigo. Da teburin nan yake riƙe da matarsa da 'ya'yansa, da tsohuwarsa a Falanko. Tsakanin mai saye da mai saye ya koyi wasa, in ya ɗora buta sai ya leƙo ya yi rabin mash, wato rabin wasan ƙwallo. Hannunsa na da kyau, ba na rage masa. Abokin karawarsa kuwa Agali ne, direban wata mota da ke kawo awaki da fasinja daga Belbeji. Ɗan makiyaya ne, cikin raƙuma ya girma, Hausarsa ta kasuwa ce, amma in ya riƙe manet ba ya bukatar magana. Duk ranar kasuwa, in an yi la'asar, shi da mutanensa sai su cika mini ɗaki. Yau Habu ya ci, wani mako Agali ya rama, a tashi ana tsiya ana dariya.

Muna da al'ada, kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba, haka muka tashi muka gani a gidajenmu. Baƙo in ya zo, shi ake fara ba abin sha, shi ake ba wurin zama mai kyau. Saboda haka kafin a fara wasa, Habu zai kawo wa Agali da mutanensa shayi mai madara, su sha, sannan Agali ya zauna a kujera mai katifa. Habu kuwa benci ne nasa.

Wata rana aka ɗauke wuta, aka maido ta da ƙarfi, telen ɓangaren baƙi ta yi ƙara ta saki hayaƙi. Na buɗe na ga ba abin da zan ceto. A makon kuwa wani da ya dawo daga Libiya yana neman mai sayen filasma, faffaɗa, sirit, ko ƙwarzane babu. Na bincike ta yadda na saba. Na duba kan sukuru, na shinshina bayanta, na bar ta a kunne tun hantsi har azahar, na duba kowace kusurwa ko akwai ɗigon da ya mutu. Ban sami komai ba. Na kawo ta na kafa a bayan mai tozo. Ba wanda ya tsaya tambayar wa zai zauna gabanta. Sabuwa ce, ta fi kyau, ta fi girma, to ta baƙo ce. Da na ba Habu ita na bar Agali da tsohuwa, da garin nan ya zage ni.

Ranar kasuwar farko Agali ya sha kashi, aka yi dariya. Ta biyu ma haka. Kafin a jima abin ya daina ba kowa dariya, don ba a taɓa ganin irinsa ba. Agali zai kai ƙafa ya tare, ƙwallo ta riga ta wuce. Zai buga, an riga an ƙwace. Ya kawo wani gwani daga cikin mutanensa, shi ma haka. Wani malamin lakwal daga Gangara ya zo da cika baki, ya sha shayinsa, ya zauna a kujerar baƙi, ya tashi yana duban yatsunsa. Habu kuwa ya zama abin kwatance, samari na ɗaga shi sama, shi ma ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa.

Wata la'asar Agali ya ajiye manet a tsakiyar wasa, ya ce da ni, "Malam Mutari, mutanen nan nawa na cikin tele, ba su jin magana. Kamar raƙumin da ya gaji ne. Ka ja akala, sai ya yi tunani kahin ya juya."

Na ce manet ce. Na musanya masa da ta Habu a gaban kowa. Bai canza komai ba.

Wani daga bayan Agali ya ce, "Kuma ku lura, mutanen Habu suna ihu tun balo ba ta shiga ba. Wa ke gaya musu za ta shiga?"

Wani kuma ya ce, a hankali, amma kowa ya ji, "Ni dai tun da na sha shayin nan nake jin hannuna ya yi nauyi."

Habu ya riga ya tashi kwashe kofuna, yana tsaye da tire a hannu. Ya ce, "Me ka ce?" Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar sauran shayin a kofuna.

Kun san garin nan. Kafin mako ya zagayo, magana ta kai Belbeji ta dawo da ƙari. Wai Habu na zuba wani abu a buta mai kashe jijiyar hannu. Wai ya samo shi wurin wani malami a daji. Wai ba a wasa kawai ya tsaya ba, duk wanda ya saba shan shayinsa ba ya iya yi masa musu. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa 'yan gida ma daga butar nan suke sha. In ka faɗi haka sai a ce ai kofin baƙi daban yake warewa, kuma gaskiya ne, yana ware musu kofuna masu kyau, don girmamawa. Direbobin tasha da ke karya kumallo wurinsa suka koma wani teburi. Masu gadin kasuwa suka bi su. Mata suka hana a aiko yara sayen burodi. Sai ka ga Habu ya hura wuta da safe, butar ta tafasa ta ƙone, ba wanda ya zauna.

Ni kuwa na shiga bincike. Na kwance manet duka na duba jan farcena, na auna wayoyi da mita, na canza faifai, na kwance akwatin na share. Har katifar kujerar baƙi na farke, don wani ya ce a duba ko an cusa laya. Ban sami komai ba sai auduga. Telen ce kawai ban zarga ba, don na riga na bincike ta, kuma ga hotonta tas, ya fi na mai tozo kyau nesa ba kusa ba. To, mutumin da ke zargin sukuru, zai ƙyale buta? Habu na kawo mini kofina kowace safiya kamar yadda ya saba. Sai in karɓa in yi godiya, in ya juya in tuttular a bayan ƙyaure. Wata rana ya shigo karɓar kofi, ya tsaya yana kallon ƙasa. Tururuwa ce ta yi layi tun daga bakin ƙofa har bayan ƙyauren, inda sukari ya taru. Ya bi layin da ido har ƙarshensa, ya ɗauki kofinsa ya fita.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'ar nan. Mutanen Belbeji suka ɗauke ƙafa, na Gangara da Olelewa suka bi su. 'Yan gari ma suka ragu, don iyaye sun ce ba a zuwa wurin da ake asiri. Amma ni ina da gyaran tele da rediyo da nake lallaɓawa da shi. Habu ba shi da komai sai teburin. Na ji ya fara neman mai sayen butocinsa da bencinsa, wai zai bi motar masu haƙar zinariya zuwa arewa. Mutumin da ko rijiya bai taɓa shiga ba. Abin ya dame ni ƙwarai, amma ban daina zarginsa ba.

Gab da damina na tashi gyaran rufin shagon, don akwai inda yake yoyo daidai tsakiyar ɗaki. Na janye telen biyu na jera su a kan benci guda a jikin bango, kafaɗa da kafaɗa, fuskarsu na kallona. Tun da na sayi filasmar ban taɓa ganin fuskokinsu tare ba, ba kuma wanda ya taɓa gani, don kullum baya suke ba juna. Da na gama, na ce bari in gwada ko wayar hoto ta ji ciwo wajen ja. Akwatin da ke kusa da hannuna tsohon mai kaset ne, na jona shi, ɗan mutumin nan mai tsallake ramuka ya fito a duka biyun. Na danna tsalle. Ya yi tsalle a mai tozo. Sannan ya yi tsalle a filasma.

Na ce idona ne. Na sake dannawa. Mutum ɗaya, dannawa ɗaya, tsalle biyu. Tazarar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, amma tana nan, na mai tozo na sama, na filasma bai bar ƙasa ba. Na musanya bakin wayoyin, ko ɗaya ta fi tsawo. Na canza manet. Na kawo akwati mai faifai na sa wasan ƙwallon kansa. Ƙwallo ta bar ƙafa a nan, sannan ta bar ƙafa a can. Sai na tuna bindigar robar nan, da na taɓa gwada ta a filasma ta ƙi kashe tsuntsu ko ɗaya, na jefa ta a kwali na ce ta mutu. Na ɗauko ta na auna mai tozo, tsuntsu ya faɗo. Na zauna a ƙasa.

Na kira Maigida Bulus a waya. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, amma kansa garau. Na gaya masa abin da na gani. Ya ce, "Mai tozo ba ta da wayo, Mutari. Abin da aka ba ta, shi take zubowa nan take. Sabuwar kuwa in ta karɓi hoton tsohon akwati, sai ta ga ya yi mata ƙanƙanta. Sai ta buɗa shi, ta goge shi, ta shafa mishi mai, sannan ta nuna. Mai kallon labarai ba ruwanshi. Amma mai wasa, kahin ta gama kwalliya an riga an wuce shi." Ya ce in duba cikin saitinta, wasu suna da wurin da ake gaya musu wasa ake yi, su rage kwalliyar. Na duba na samu, na kuma kashe duk wani abin gyaran hoto. Nawar ta ragu, amma ba ta tafi duka ba. Ku riƙe wannan: sabon akwati da sabuwar tele suna iya shiryawa in an saita su, amma tsohon akwati abokinsa mai tozo ne. Kuma ko da wasa kada ku zaunar da mutum biyu a gaban tele iri biyu.

Habu na fara kira, kafin kowa. Ya shigo yana goge hannu a riga, ya tsaya nesa-nesa. Na maida filasmar yadda take a da, na danna masa tsalle. Ya ce, "Yaya, sake." Na sake. Ya karɓi manet ya danna da kansa, ya daɗe yana dannawa.

Ya ce, "Ke nan duk cin da na yi musu, ni ina ganin balo kahin su gani."

Na ce, "Ka iya wasa, Habu. Tun kafin telen nan kana cin Agali."

Ya ce, "Kada ka lallashe ni, Yaya. Ina ci yana ci ne."

Na gaya masa gaskiyar yadda abin yake. In na ɗauke filasmar shiru, ba wanda zai san cin nasa na tele ne, amma maganar shayi tana nan daram. In kuwa na tara mutane na nuna, shayinsa ya fita daga zargi, sunan gwani ya tafi, nawa sunan na mai wurin da ba a cuta shi ma ya bi shi. Ya kalli teburinsa ta ƙofa, butar na ta huci ba kowa a benci. Ya ce, "Kira su. Da shayi nake ciyar da gidana, ba da balo ba."

Ranar kasuwa na sami Agali a tasha yana sauke awaki. Bai yi murnar ganina ba. Ya ce, "Sai yanzu da shagonka ya mutu ka gano?" Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce zai zo, amma da manet ɗinsa, kuma ba zai ci ba, ba zai sha ba. Na ce ko ni ne haka zan yi.

Da la'asar ɗakin ya cika har waje, waɗanda suka yi wata da watanni ba su tako ba duk sun zo kallon ƙarshen asiri. Telen biyu na jere a benci. Na miƙa wa Agali waya ya jona da hannunsa, ya danna da manet ɗinsa. Ɗan mutum ya yi tsalle, ya sake tsalle. Ya danna ya fi a ƙirga, yana kai ido nan yana kai ido can. Sai ya ce, "Raƙumin nan ne da na gaya muku." Wani daga cikin mutanensa bai gamsu ba, ya ce mai gyaran tele ai ba abin da ba zai iya shiryawa ba, in gaskiya ne a maida su yadda suke, a musanya wuri. Ban ji haushinsa ba. Muka maida su tozo da baya, Agali ya zauna a benci gaban mai tozo, Habu ya zauna a kujera mai katifa.

Ba zan ba ku labarin wasan nan dalla-dalla ba. Habu ya kai ƙafa, ƙwallo ta wuce. Ya buga, an ƙwace. Mutanen Belbeji ne yanzu ke ihu kafin ta shiga. Samarin da ke ɗaga shi sama suka fara dariya, har wani ya ce, "Ashe tele ce gwanar, ba mai shayi ba." Na ga kunnen Habu ya motsa, amma bai waiwaya ba, ya buga har aka busa tashi. Agali ya leƙo ta gefen tele ya ce su sake, su biyu a gaban mai tozo, kowa ya rufe hannunsa da rawani kamar da. Habu ya naɗe wayar manet a hankali, ya ajiye a kan kujera, ya ce wutarsa za ta mutu. Bai sake riƙe manet ba har yau.

Ya fita ya zauna a bayan teburinsa yana fifita gawayi. Mutane suka fito suka tsaya cirko-cirko, kowa na jin kunyar fara matsawa. Agali ne ya ratsa su, ya zauna a benci, ya sauke rawaninsa daga baki, ya ce, "Habu, zuba mini. Mai madara."

Habu ya ɗauko kofi cikin masu kyaun nan na baƙi, ya haɗa, ya juya shi sama da ƙasa har ya yi kumfa. Sai ya ɗiba kaɗan a wani ɗan kofi, ya kurɓa a gaban kowa, ya haɗiye, ya ɗan jira, sannan ya miƙa wa Agali nasa.

Agali ya ce, "Haba, ɗan'uwa. Ba sai ka yi haka ba."

Habu ya ce, "Sha, kada ya huce."

Bai tafi haƙar zinariya ba. Direbobi sun dawo, masu gadi sun dawo, ko da yake har gobe akwai mai ce maka tele da shayin duka biyun ne. Filasmar tana ɗakin matata, tana kallon wasan kwaikwayo a ciki, kuma ba ta taɓa kawo ƙara ba. Ni na bi ƙauyuka na sayo masu tozo da mutane ke jibgewa a zaure, su ne waɗannan da kuke yi wa dariya. Kowace kafin ta shiga aiki sai na jera ta da 'yar'uwarta na danna tsalle. In an kai rabin wasa kuma, dole a musanya wuri, baƙo ne ko ɗan gida.

Yanzu kai dogo, mai cewa aikina zama ne, tashi ka karɓo mana shayi wurin Habu. Ka ce na Yaya Mutari ne da baƙinsa. Ka tsaya ka lura da abin da zai yi kafin ya miƙo maka kofina. Kada ka ce masa ya bari. Agali ya faɗa masa, ni ma na faɗa masa ya fi sau nawa, bai bari ba.